Ina neman manhajar haɗa gwajin tiransifa da mutanen ƙauyenmu za su koya da ita ba tare da kuɗinsu ya fita ba

Mai Caji Gujungu ya rubuta:

Assalamu alaikum, manya da ƙanana na wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana kwamfuta, ku yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Ina da ɗan shagon cajin waya da buga takardu a wani ƙauye kusa da Gujungu, cikin ƙaramar hukumar Taura. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, mutanenmu da yawa suka buɗe asusu a waya, wasu ma a dole. Takardun kuɗi sun dawo, amma tiransifa ta zauna. Ranar Lahadi in kasuwar Gujungu ta ci, mai sayen riɗi ko awaki daga Kano cewa yake a kawo lambar asusu. Manomi ya ga kuɗinsa sun shiga waya, fitar da su kuma ya gagare shi. Sai ya zo shagona ya miƙo mini wayar, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban masu jiran caji, ya ce in tura wa ɗansa da ke karatu a Dutse. Abin nan yana damuna ƙwarai. Yau ni aka miƙa wa, gobe wani yaro ne da ba ya tsoron Allah.

Shi ya sa na fara zama da su bayan la'asar ina koya musu. To amma koyo a kan manhajar banki ta gaske kamar koyon keke ne a bakin rijiya. Dattijo ya san kuɗin takinsa na bana ne a ciki, hannunsa na rawa, da ya ga wani rubutun Turanci ya fito sai ya ajiye wayar ya ce in ƙarasa masa. Ga sabis ɗinmu da ke ɗaukewa ana tsakiyar bayani. Na zana musu matakan a takarda, sun gane a ka, amma yatsa bai koyi komai ba.

A shafukan wasu kamfanoni na ga irin abin da nake so. Za ka ga kamar manhajar ce sak, wani ɗigo yana walƙiya a inda za ka danna, ka danna ta wuce da kai gaba, alhali hoto ne kawai aka jera. Irinsa nake son haɗawa da kaina, in sa sunayen da muka saba ji, in sa adadin kuɗin da ya yi kama da cinikinmu, in mayar da rubutun duka Hausa. Sharaɗina shi ne ya yi aiki ba data, kuma ya buɗe a ƙananan wayoyin Itel da Tecno da ke hannun mutane. Abin da nake da shi tsohuwar laftof ce mai Windows, da wutar sola.

Wata matsalar kuma: in na zo ɗaukar hoton fuskar manhajar bankin, baƙi ƙirin yake fitowa. Wayata ce ko haka abin yake?

Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Malamin Kwamfuta Kazaure ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ka ladan wannan niyya. Kafin ka nemi wata sabuwar manhaja, duba laftof ɗinka, mai yiwuwa PowerPoint na ciki. Da ita nake haɗa wa ɗalibaina irin wannan, kuma ta isa.

Ka fara da sauya girman shafi. A ƙarƙashin Design akwai Slide Size, ka mayar da shi a tsaye, tsawo ya kusa ninka faɗi, yadda zai yi siffar waya. Kowace fuska ta manhajar shafi guda ce: shafin farko mai nuna ragowar kuɗi, shafin zaɓen banki, na rubuta lambar asusu, na tabbatar da suna, na lambar sirri, sai na rasit. Daga nan, a kan duk maɓallin da kake son a danna, ka zana murabba'i ya rufe shi daidai. Ka zaɓi murabba'in, ka je Insert ka danna Action, ka nuna masa shafin da zai kai mutum.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Murabba'in ai ba a son a gan shi, sai mutum ya cire masa launi gaba ɗaya. In ka yi haka, sau da yawa gefensa kawai ke amsa dannawa, tsakiyar ta zama fanko. Bar masa launinsa, sai ka ja ma'aunin Transparency zuwa ƙarshe. Ido ba zai gan shi ba, yatsa kuwa zai same shi.

Na biyu, ka shiga Transitions ka cire alamar da ke kan On Mouse Click a dukkan shafuka. In ba haka ba, duk inda mutum ya taɓa sai ta wuce gaba, ka ga ya koyi cewa ko ina ma daidai ne. A laftof za ka iya ƙara ɗaure ta da zaɓin Browsed at a kiosk da ke cikin Set Up Slide Show.

Abin da na fi so ka ba ƙarfi shi ne hanyar kuskure. Ka zana babban murabba'i marar ganuwa da ya rufe shafin baki ɗaya, ka tura shi bayan ƙananan, ka haɗa shi da wani shafi da ke cewa "Ba nan ba ne, Baba, sake dubawa". A wannan shafin ka sa maɓallin komawa, ka zaɓa masa Last Slide Viewed, zai mayar da mutum daidai inda ya fito. Shafi ɗaya ya wadatar da duk aikin. Wanda ya danna ba daidai ba ya ga duniya ba ta tashi ba, shi ne zai iya riƙe wayarsa gobe.

Iyakarta ita ce mai koyo ba zai iya rubuta abin da ya ga dama ba. Dabarar ita ce ka tsayar da lambar sirrin gwaji guda, a ce 2580, ka yi shafi huɗu a jere, kowanne da ƙarin tauraro ɗaya a akwatin, lambar da ke daidai kaɗai ke ciyar da shi gaba. Sai dai ka gwada fayil ɗin a wayoyi daban-daban, domin ba kowace manhajar buɗe takardu ta waya ce ke mutunta duk waɗannan saituna ba. In babu PowerPoint, LibreOffice Impress kyauta ce, abin da ake kira Action a can sunansa Interaction.

Ɗan Kura Mai Kod ya amsa:

Yaya, waɗanda ka gani a shafukan kamfanoni galibi da irin su Storylane, Arcade, Supademo ko Navattic ake yin su. Ana liƙa wani ɗan ƙari a Chrome, kana danna manhajarka yana ɗaukar kowane mataki, bayan nan ka shiga editansu ka rubuta bayani, ka dusashe abin da ba ka son a gani, ka tsara inda ɗigon zai tsaya. Suna da kyau, amma don kamfanonin da ke tallar manhaja ga wasu kamfanoni aka gina su. Abin da ka haɗa a rumbunsu na intanet yake zama, mai kallo da mahaɗi yake shiga, cikakken tsarinsu kuma da dala ake biya. Figma ma tana haɗa irin wannan kwaikwayo mai santsi sosai, amma ita ma sai da sabis. Ga wanda ke ƙauyen Taura, ban ba ka shawarar ko ɗaya ba.

Hanyar Malam ta PowerPoint tana yi. Amma tunda burinka wayoyin mutane ne, duba H5P. Kayan haɗa darasi mai dannawa ne, kyauta, asalinsa daga ƙasar Norway. Akwai wata manhaja mai suna Lumi da za ka sauke a laftof sau ɗaya, daga nan kana haɗa H5P ba tare da intanet ba. Ka zaɓi nau'in Course Presentation, ka sa hotunanka shafi-shafi, ka ɗora abin da suke kira Go To Slide a kan maɓallan, akwai zaɓin mayar da shi marar ganuwa. Akwai kuma Active Surface Mode da ke cire kibiyoyin gaba da baya na ƙasa, sai mutum ya danna wurin da ya dace zai motsa. Ka ajiye kwafi kafin ka kunna shi, don in an kunna ba a kashe shi. Amfaninta babba biyu ne: kana iya sa murya a kowane shafi, sannan kana fitar da aikin gaba ɗaya a fayil ɗin HTML guda, ka tura ta Xender, a buɗe da Chrome ko da babu layi a wayar. Aibinta kuma shafinta a kwance yake, don haka hoton waya a tsaye zai fito ƙarami. Sai a juya wayar a kwance, hoton a gefe ɗaya, bayani a ɗaya gefen. Ka rage nauyin hotuna da murya, waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ta son babban fayil.

Baƙin hoton nan ba laifin wayarka ba ne. Android ta ba masu manhaja damar hana ɗaukar hoton fuska, bankuna da yawa kuma suna kunna ta da gangan don kare masu asusu. Kada ka bi masu ce maka ga wata manhajar da ke karya wannan, ta nan ake kwashe wa mutane kuɗi. Ka zana fuskar da kanka da murabba'ai da rubutu, tsarin ya yi kama, shi ke nan.

Kuma don Allah, Yaya, ka ji wannan da kyau. Shafin rasit ɗin da za ka zana, wanda ke cewa kuɗi sun tafi, shi ne ainihin abin da masu alat na bogi ke nuna wa 'yan kasuwa su ɗauke kaya. Da zarar fayil ɗinka ya fara yawo ta Xender ba ka san hannun da zai faɗa ba. Kada ka sa tambarin kowane banki na gaske ko sunansa. Ka ƙirƙiro suna da launi na daban, ka rubuta GWAJI da manyan baƙaƙe a gicciye a kan kowane shafi, ta yadda yanke hoton ba zai cire shi ba.

'Yar Birnin Kudu ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba gwanar haɗa manhaja ba ce, amma ina horar da mata masu aikin sa kai na lafiya yadda ake cike fom a waya da KoboCollect, don haka na ga yadda babba ke koyon danna waya. Malam Mai Caji, akwai wuri ɗaya da ban yarda da kai ba.

Ka ce za ka mayar da rubutun duka Hausa. Kada ka taɓa abin da ke jikin maɓallan. In manhajar da ke wayar Baba ta rubuta Transfer da Confirm, gwajinka ma ya rubuta haka, a wuri ɗaya, da girma ɗaya. Yawancin waɗanda nake koya wa ba karanta kalmar suke ba, siffarta da mazauninta suke haddacewa. In ka saba musu da wata siffa, ranar da suka buɗe ta gaske sun zama baƙi. Hausar ta zo a bayani, kuma ta fi kyau a murya, domin dattawanmu da yawa ajami suka iya, mata da yawa kuma ko wanne ba su samu ba. Ka naɗi muryar a waya cikin ɗaki shiru, gajeren zance, irin yadda za ka yi wa mahaifinka magana. In mata za ka kai wa, nemi mace ta yi muryar, kuma mace ta shiga gidajen da shi, tunda ba shagonka za su zo su zauna ba.

Sannan matakin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina shi ne inda sunan mai asusu ke fitowa bayan an rubuta lambobi goman nan. Nan ne kuɗi ke ɓata. Ka haɗa gwaji biyu: a ɗaya sunan da ya fito daidai ne, a ɗayan kuma an ce za a tura wa Audu sai ga sunan wani daban. Wanda ya danna ci gaba a na biyun, shafi ya fito ya ce masa kuɗinka sun tafi wurin wanda ba ka sani ba. Gara ya ji wannan faɗuwar gaban a gwaji.

Ka sa shafin da ke nuna sabis ya tsaya, abu na ta juyawa, domin a nan ne mutane ke sake dannawa su tura sau biyu. Ka koya musu su koma su duba ragowar kuɗi tukuna. Ka kuma nuna musu naira 50 ɗin da ake cirewa a kan tiransifar naira dubu goma zuwa sama, don kada su zaci wani ne ya taɓa musu kuɗi.

Kada ka yi amfani da suna, lambar waya ko lambar asusun wani mutum na gaske, ko da ya ce ya yarda. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, ko ba doka ma amana ce. Kuma kowane fayil ya koyar da abu ɗaya. Tura kuɗi daban, sayen kati daban, duba ragowa daban. In ka cusa su wuri guda, kai ma gyaransa zai gagare ka ranar da banki ya sauya fuskar manhajarsa, kuma suna sauyawa.

Mai Caji Gujungu ya sake rubutawa:

Jama'a, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na dawo in ba ku labarin inda aka kwana.

Da PowerPoint na zana fuskokin kamar yadda Malam ya tsara, na sa wa bankin suna Asusun Gwaji, launin ƙasa-ƙasa da ban taɓa gani a jikin wani banki ba, GWAJI kuma a gicciye kamar yadda ƙanena Ɗan Kura ya ce. Sai na fitar da shafukan a matsayin hotuna. Lumi ɗin a garin Ringim na sauke ta inda sabis ke da ƙarfi, na dawo gida na jera hotunan a ciki na ɗora murya. Ka ga kenan na haɗa shawarwarin biyu: zane a can, dannawa a nan. Fayil ɗin ya buɗe a wayoyin da na gwada, sai wata tsohuwar waya guda da ta ƙi, ita a laftof mai ita ya yi nasa.

Hajiya, maganarki ta maɓallai na bi, na bar su da Turancinsu. Gwajin suna na biyun nan kuwa shi ya fi komai tasiri. Wani dattijo mai sayar da riɗi, wanda ko wayarsa ba ya yarda ya buɗe da kansa, ya danna ci gaba a kan sunan da ba shi ba. Da murya ta ce masa kuɗi sun tafi, sai da ya yi salati. Na ce masa Baba ba ko sisi da ya fita. Ya ce a mayar masa farko. Ya yi ta maimaitawa har aka kira magariba, kuma tun daga nan in sunan ya fito sai ya kira jikansa ya karanta masa kafin ya taɓa komai. Har yanzu yana zuwa in tsaya kusa da shi in zai tura na gaske, amma shi ke riƙe da wayar, lambar sirrin kuma juya baya nake ya sa abarsa.

Abin da na lura da shi, wanda ban zata ba, shi ne ɗigon nan mai nuna inda za a danna yana sa lalaci. Muddin yana nan, bin sa kawai ake yi, ba a kallon fuskar. Don haka na yi kwafi biyu, na farko da ɗigon da murya, na biyu tsirara ba jagora sai shafin "ba nan ba ne". Wanda ya wuce na biyun ba tuntuɓe, shi nake cewa ya buɗe ta gaske.

Matar ƙanena ta karɓi fayil ɗin za ta kai wa ƙungiyar adashinsu. Amma nan ga sabuwar tambaya: yawancinsu ƙaramar waya mai maɓalli gare su, da lambobin tauraro suke tura kuɗi. Wannan fa, yaya za a yi masa gwaji?

Malamin Kwamfuta Kazaure ya amsa:

Madalla, Malam. Wannan ya ma fi sauƙin zane, tunda rubutu ne baƙi a farin akwati, ba hoto ba launi. Ka zana wayar gaba ɗaya da maɓallanta, ka ɗora murabba'ai marasa ganuwa a kan lambobin, da tauraro, da alamar tsani, da maɓallin kira. Ƙaramar wayar ba za ta buɗe fayil ɗin ba, don haka a babbar wayar matar ƙanenka za su yi, kowace ta riƙe tata ƙaramar a ɗaya hannun tana neman maɓallin da ya yi daidai ba tare da ta danna kira ba.

Abu biyu ka kiyaye. Kowane banki da lambarsa da jerin zaɓinsa, saboda haka ka tambayi matan wanne suka fi amfani da shi, ka bi tsarin matakansa amma da lambar ƙirƙira. Sannan wannan hanyar tana da ƙayyadadden lokaci, in aka yi jinkirin amsa sai ta yanke a koma farko. A PowerPoint, cikin Transitions ɗin nan dai, akwai akwatin After da ke sa shafi ya wuce da kansa bayan daƙiƙun da ka rubuta. Ka sa shafin da ke biye ya zama mai cewa lokaci ya ƙare, maɓallan daidai kuma su tsallake shi. Wannan kam a laftof zai fi tafiya daidai. Ka gaya musu su rubuta lambar asusun a takarda su ajiye a gabansu kafin su fara.